Yadda Za Ka Raba Filin Kajinka da Taɓo

Duk wanda ya killace kaji a bayan gida ya san yadda abin ke tafiya. Ka kewaye fili mai ciyawa, ka saki kaji, cikin 'yan makonni sun cinye ganyen, sun tone saiwar, ƙasa ta zama fayau. Kullum suna takawa suna danne ta, kashinsu kuma yana toshe 'yan ƙofofin da ruwa ke bi ya nutse. Da ruwan sama ya sauka sau biyu ko uku a jere, sai wurin ya koma caɓalɓal, wari ya tashi, ƙudaje su taru, ƙwai ya riƙa fitowa da laka.

Abin da yawancin mutane ke fara yi shi ne su kwaso ciyawa ko dusar katako su zuba a kai. Kwana biyu wurin ya yi kyau, a na uku abin da aka zuba ya nutse ya zama wani sabon taɓon, mai wari fiye da na farko. Dalili kuwa shi ne ruwan da ya jiƙa ƙasar bai daina shigowa ba, kuma ba shi da hanyar fita. Saboda haka aikin yana da tsari: a tare ruwa daga sama, a tare shi daga gefe, a buɗe wa wanda ya riga ya shiga hanya, a ɗaga ƙasar, sannan a ƙarshe a yi maganar shimfiɗa. Wanda ya fara daga ƙarshe zai yi ta maimaita aiki kowace damina.

Me ya sa ba za ka jira rani ba

Kaza ba agwagwa ba ce. Gashinta ba ya tare ruwa sosai, tafin ƙafarta kuma idan ya daɗe cikin laima yana yin laushi ya tsage. Ta wannan tsagar ƙwayoyin cuta ke shiga su tara mugunya, sai ka ga ƙafar ta kumbura, da baƙin tabo a tsakiyar tafin, kaza tana ɗingishi. 'Yan tsaki kuwa laka kan dunƙule musu a kan yatsu ta bushe ta yi tauri, har ta hana jini gudu.

Babban haɗarin shi ne koksidiyosis, cutar hanji da ke sa zawo, wani lokaci da jini, wadda ta fi kama tsakin da ke tsakanin mako 3 zuwa 6. Ƙwayoyinta suna fita ne cikin kashi, amma ba sa iya kama wata kaza sai sun sami danshi da ɗumi na kwana ɗaya ko biyu. A busasshiyar ƙasa da yawansu ba sa kai wa ga haka, a ƙasa mai danshi kuwa suna samun damar nuna, ga shi kaji a nan suke tsince-tsince. Haka ƙwan tsutsar ciki yake daɗewa da rai a jiƙaƙƙiyar ƙasa. Ƙara da sauro da ke hayayyafa a kududdufi, wanda ke yaɗa ciwon ƙuraje da ke fitowa a zanko da fuskar kaji. Akwai kuma iskar amoniya da jiƙaƙƙen kashi ke fitarwa, wadda idan ta wuce kashi 25 cikin miliyan tana lalata hanyar numfashi da idon kaza. Ba ka bukatar na'ura: tsuguna daidai tsayin kaza ka shaƙa, idan hancinka ko idonka ya yi yaji, ta riga ta yi yawa.

Na farko: abin da za ka yi yau

Gyara na dindindin yana son ƙasa ta ɗan tsane, don haka yau burinka kawai shi ne kaji su sami inda za su tsaya a bushe. Jera bulo, tsofaffin katakai ko gungumen itace, ka tabbata babu ƙusa a jiki. Ɗaura sanduna biyu ko uku a kusurwa, tsayin santimita 30 zuwa 50, don su hau. Duk inda ruwa ya kwanta, ja masa 'yar hanya da fartanya ya fice, domin kaza ta fi son shan ruwan kududdufi ko da ka ajiye mata mai tsabta. Ɗage mazubin abinci daga ƙasa, ka kwashe duk abincin da ya jiƙe ka zubar, kada ka ce za ka shanya. Idan wurin ya ɓaci ƙwarai, rufe su a cikin akurki kwana biyu ko uku ba laifi ba ne, muddin iska na shiga.

Ka duba ƙafafunsu ɗaya bayan ɗaya. Wanda laka ta dunƙule masa a yatsa, jiƙa ƙafar cikin ruwan ɗumi har ta narke da kanta. Kada ka fizge, farcen zai biyo. Idan ka ga jini a kashi ko tsaki sun takure sun saki fuka-fuki, nemi likitan dabbobi ranar, wannan ba ya jiran gyaran fili.

Na biyu: ka fita lokacin da ake ruwa

Wannan matakin shi aka fi tsallakewa, alhali shi ke nuna maka inda za ka kashe ƙarfinka. Ɗauki lema ka tsaya a wurin ana tsaka da ruwa, ka lura da abu uku. Daga ina ruwan ke shigowa? Ina yake taruwa? Ina yake son tafiya amma wani abu ya tare shi? Sau da yawa za ka tarar rufin akurkin ne, ko rufin wani ɗaki da ke kusa, yake juye ruwansa kai tsaye cikin filin. Wani lokaci kuma katanga ko katakon da ka kafa a gindin raga ne ya zama madatsa. Kafa 'yan turaku a inda ruwa ya kwanta, domin bayan ya janye ido yana ruɗuwa.

Bayan haka gwada ƙasar. Haƙa rami mai zurfin santimita 30, faɗinsa ma kamar haka, ka cika shi da ruwa, ka bari ya tsotse, ka sake cikawa. Idan cikawa ta biyu ta ƙare cikin 'yan awanni, ƙasarka tana shan ruwa, matsalarka a sama take kawai, wato ɓawon da kaji suka danne. Idan ka dawo washegari ka iske ruwa yana nan, yumɓu ne a ƙasa, kuma dole ka fitar da ruwa ta magudana. Idan kuwa ramin da kansa yake kawo ruwa tun ba ka zuba ba, to ruwan ƙasa ne ya taso, wannan kuma wani zance ne da za mu zo kansa.

Na uku: rufi da indararo

Lissafin yana da sauƙi. Milimita ɗaya ta ruwan sama a kan murabba'in mita ɗaya lita ɗaya ce. Rufin akurki mai murabba'in mita 6, idan aka yi ruwa na milimita 30, zai zubar da lita 180, kusan durom guda, kuma duk a layi ɗaya siriri a gindin bango, galibi daidai bakin ƙofar da kaji ke fita. Filin kansa, in mita 3 ne a kan mita 4, ya karɓi wata lita 360 a wannan ruwan. Babu shimfiɗar da za ta shanye wannan.

Saboda haka fara da ruwan rufi. Sa makwarara a bakin kwano, da ɗan gangare zuwa gefe ɗaya, ta zuba cikin durom ko ta bi bututu ta fita bayan shinge. Rabin bututun roba da aka tsaga a tsaye yana yin wannan aikin. In durom ka sa, rufe bakinsa da raga saboda sauro, kuma ka huda masa mafita a sama da tiyo, don idan ya cika rarar ta tafi nesa maimakon ta malalo inda ka fito.

Sai rufe filin. A ganina wannan shi ne abu guda da ya fi kowanne tasiri, kuma ko ba ka iya rufe duka ba, rufe rabin da ke manne da akurki ya isa ya canza komai. Kwano ko rufin roba mai haske duk suna yi. Ka ba shi gangare sosai, bakinsa ya zarce shinge da kamar santimita 30, kuma ya zubar ta ɓangaren da ƙasa ta gangara waje. Tamfol ma yana yi na ɗan lokaci, amma a ɗaure shi a karkace kuma a miƙe tam, da sanda a tsakiya, in ba haka ba ruwa zai taru a cikinsa ya karya maka sanduna. Ɓangaren da iska ke kaɗo ruwa, rataya masa leda ko buhu daga sama zuwa rabi. Kada ka rufe ko'ina ruf, domin iska da rana su ne masu busar da ƙasa.

Na huɗu: hanyar ruwa

Idan fili yana gangarowa zuwa wurin kajin, haƙa kwata a waje, ta ɓangaren tudu, kamar rabin mita daga shinge, ta zagaya ta kai ruwa gefe. Zurfin santimita 20 zuwa 30 ya isa. Ƙasar da ka haƙo ka jera ta tsakanin kwatar da shinge ta zama 'yar kunya irin ta gona, ka daddanne. Sau da yawa wannan kaɗai ke kawar da rabin matsalar.

Ga mai ƙasar yumɓu kuwa, sai an yi magudana ta ƙarƙashi. Haƙa rami dogo ta inda ruwa ya fi kwanciya, faɗi santimita 25 zuwa 30, zurfi 40 zuwa 45, har ya fita bayan shinge. Abin da ya fi muhimmanci shi ne gangaren: aƙalla santimita ɗaya a kowace mita. Kada ka yarda da idonka a nan. Sami tiyo mai haske ka cika da ruwa kamar yadda magina ke yi, ko ka ja igiya tsakanin turaku biyu ka daidaita, ka riƙa aunawa daga igiyar zuwa gindin ramin. In ka gama, zuba bokitin ruwa a sama ka ga ko ya gudu har ƙarshe. Inda ya tsaya, gyara.

Shimfiɗa yadin tace ƙasa a cikin ramin, gefensa ya hauro sama. Akwai wanda ake yi musamman don wannan aiki, in ba ka samu ba tsohon gidan sauro ninki biyu ya fi babu. Zuba tsakuwa wankakkiya santimita 5, ka kwantar da bututun roba mai huji-huji na inci 4, hujin yana kallon ƙasa. Mutane kan juya hujin sama suna ganin ta nan ruwa zai shiga, amma ruwa daga ƙasa yake tasowa cikin ramin, kuma hujin da ke sama laka yake tarawa. Rufe bututun da tsakuwa har saura santimita 10 a cika, ka naɗe yadin a kai, sannan yashi. Bakin bututun da ke waje ka ɗaure masa ragar ƙarfe, in ba haka ba ka gina wa ɓeraye hanya.

Ina ruwan zai je? Wannan ruwa ne mai kashin kaji, saboda haka ba ya zuwa gidan maƙwabci, ba ya zuwa kusa da rijiya. Tsakaninsa da rijiya a bar mita 15 aƙalla, 30 ya fi. In akwai bishiyoyi ko shuka a gangare, kai musu, za su ji daɗinsa. In babu, haƙa ramin sokawe kamar mita ɗaya ta kowane gefe, nesa da ginin gida da mita 5, ka cika da duwatsu da fasassun bulo. Sai dai a yumɓu mai tauri sokawe yana cika ya tsaya, don haka in akwai inda ruwa zai malala a fili, ya fi.

Na biyar: kwashe taɓon, ɗaga ƙasar

Jira rana biyu ko uku ba ruwa. Fitar da kaji, ka sa takalmin roba da safar hannu, ka kankare saman ƙasar da shebur, santimita 5 zuwa 10, duk baƙin nan mai wari. Kada ka binne shi a wurin. Tara shi gefe, ka gauraya da busasshen ganye, bayan wasu watanni ya zama taki mai kyau. Ƙasar da ta bayyana a ƙarƙashi ka caccake ta da diga ko cokalin haƙa don ɓawon ya fashe, ka bar rana ta buge ta.

Filin kaji mai shekara biyu ko uku kusan kullum ya fi kewayensa zurfi, saboda tono da shara sun rage shi, ya zama kamar kwarya. Aikinka shi ne ka mai da shi tudu. Kafa katako ko jeren bulo kewaye da gindin shinge, tsayin santimita 20 zuwa 25, ka bar 'yan ƙofofi ta ɓangaren gangare. Cika da tsakuwa ko burji santimita 10, ka daɓe, kana ba shi gangaren santimita 2 a kowace mita daga akurki zuwa waje. Don ka san abin da ke gabanka: fili mai murabba'in mita 12, idan za ka ɗaga shi santimita 15 gaba ɗaya, yana cin kusan baro 25 zuwa 30. Aiki ne, amma sau ɗaya ake yi.

Kada ka bar kaji a kan tsakuwa tsirara. Tana cin tafin ƙafa, kashi kuma yana shigewa tsakaninta ya ƙi fita.

Na shida: shimfiɗa

Yanzu ne lokacinta, kuma zaɓin ya dogara da ko ka rufe filin ko ba ka rufe ba.

A fili mara rufi, babu abin da ya kai sassaƙen itace, wato gutsattsarin reshe da gungume masu kauri kamar ɗan yatsa. Ruwa yana ratsa su ya wuce, samansu yana bushewa da wuri, kaji suna jin daɗin tona su, kuma suna ɗaukar watanni kafin su ruɓe. Zuba santimita 10 zuwa 15. Ƙasa da haka kaji za su tone su gauraya da ƙasa cikin mako guda. Ka guji na katakon da aka yi wa fenti ko maganin gara, da wanda ya riga ya yi funfuna.

A ƙarƙashin rufi yashi ya fi, amma mai tsakuwa-tsakuwa irin na gini, santimita 10 zuwa 15. Kashi yana bushewa a kansa, ka tace da manjagara ko rariya. Rairayi mai laushi kuwa yana riƙe ruwa ya dunƙule. Babban kuskure shi ne zuba yashi kai tsaye a kan jiƙaƙƙen yumɓu: su biyun suna haɗuwa, da damina su yi kauri, da rani su yi tauri har sai da diga. Buntun shinkafa da abin da injin goge katako ke fitarwa su ma suna da kyau a inda ruwa ba ya taɓawa.

Ciyawa, kara da ƙaiƙayi ba na ba da shawararsu a waje ko kaɗan. Suna shan ruwa su kwanta, ƙarƙashinsu ya yi yauƙi, funfuna ta kama, ƙurar funfunar nan kuma tana haifar da ciwon huhu mai kashe 'yan tsaki. In dole ta sa ka zuba, ka kwashe bayan kwana biyu ko uku. Dusar katako mai laushi ita ma haka take.

Akwai masu daɓe filin da siminti. Yana maganin taɓo da ɓeraye, wanki kuma ya yi sauƙi, amma sai an ba shi gangare da mafita, kuma sai an zuba shimfiɗa mai kauri a kai, domin kaza mai yini a kan siminti ƙafarta ba ta daɗewa lafiya.

Maganar farar ƙasa tana bukatar hankali, domin iri-iri ce. Ta noma, wato niƙaƙƙen dutse, ba ta ƙuna, ana iya barbaɗa ta a ƙasa kafin shimfiɗa. Ta gini kuwa tana ƙone ƙafa da ido idan ta jiƙe, kada kaji su taka ta. Toka ma kada ka zuba a kan jiƙaƙƙen kashi, ƙara tayar da amoniya take yi.

Ruwan da kai ke kawowa

Wani taɓon ba daga sama yake ba. Mazubin ruwan da ke yoyo, ko wanda kaji ke kifarwa, ko wankin da kake zubarwa a wurin kowace safiya, yana iya riƙe kusurwa guda a jiƙe har cikin rani. Rataya mazubin daidai tsayin bayan kaza. Mafi kyau, haƙa ɗan rami ƙarƙashinsa ka cika da tsakuwa, ka ɗora firam mai raga a kai, abin da ya zube ya nutse inda baki ba ya kaiwa. Bokiti mai 'yan famfunan da kaza ke tsattsaga ya fi kowanne rage zuba. Ruwan wanki kuma a fitar da shi waje.

Bakin ƙofar akurki da inda kai kake tsayawa su ne suka fi shan taku, sa musu faffaɗan dutse ko bulo. Kaza ta bi ta busasshen wuri kafin ta shiga gurbi, ƙwai zai fito da tsabta. Wanda ya ɓaci ka goge shi a bushe. In sai an wanke, ruwan ya fi ƙwan ɗumi, domin ruwan sanyi yana jan datti ciki ta ƙofofin ɓawon, kuma wankakken ƙwai a fara amfani da shi.

Kada ka manta da wurin birgima. Idan ƙasa ta jiƙe kaji ba sa samun ƙurar da suke kashe ƙwarƙwata da ƙuma da ita. Tsohuwar taya ko faffaɗar roba a ƙarƙashin rufi, da busasshiyar ƙasa da yashi da ɗan toka, ta wadatar.

Yawan kaji da kulawa

Ƙa'idar da aka saba bi ita ce kusan murabba'in mita ɗaya ga kowace babbar kaza a fili. Kaji 25 a wurin da ya dace da 12 za su mai da kowace shimfiɗa taki kafin ka ankara, don haka ko ka faɗaɗa ko ka rage. In kana da sarari, raba filin biyu, su yi wata guda a nan, wata guda a can, wanda aka bari ya sha rana.

Sau ɗaya ko biyu a mako ka bi shimfiɗar da manjagara, ko ka watsa ɗan hatsi su juya maka da kansu. Inda ya dunƙule ka kwashe, ka ƙara sabo. Kafin damina ta kama, share makwararar rufi da kwata, ka zuba bokitin ruwa a magudana ka ga ya fito ta ɗaya bakin. Sassaƙe idan ya yi baƙi ya koma gari, yawanci sau ɗaya ko biyu a shekara, ka kwashe shi zuwa juji ka sabunta.

Idan wurin kansa ne bai dace ba

Saura wanda raminsa ya kawo ruwa da kansa, ko wanda filinsa shi ne mafi kwari a gidan, babu inda za a tura ruwa. A nan magudana ba ta da amfani, domin babu inda ya fi wurin zurfi. Zaɓi biyu ne. Ko ka mai da kajin wani wuri mai tudu, ko da ya fi ƙanƙanta, ko ka ɗaga komai: akurki a kan ƙafafu santimita 50 zuwa 60, filin kuma a cike shi santimita 30 ko fiye a cikin jeren bulo, da cikakken rufi. Ƙarƙashin akurkin da aka ɗaga yana zama mafaka mai kyau, sai dai ka bar tsayin da manjagara za ta shiga.

Tsohon wurin kuwa ka kankare shi, ka caccaka, ka bar shi wasu watanni ba kaji. Ya sha taki sosai, don haka shuka za ta kama da sauri, amma kada ka fara da ganyen da ake ci ɗanye, kuma kada ka mai da 'yan tsaki kansa a wannan shekarar.